Moter ɗin da ya ƙone sau biyu

Moter na farko da na buɗe da hannuna na injin niƙa ne, na wata mata mai niƙan hatsi a Talaje. Da shi nake fara wa kowa labari, balle ku da aka turo mini daga wurin koyon sana'a kuna ganin bobinaj ba komai ba ne, a zare ƙonanniyar waya a naɗa sabuwa. Shekaranjiya ma na ji ɗaya daga cikinku tana ce wa ƴar'uwarta ai kamar kitso ne. Ni ma haka na ɗauka a ranar. Patron, wato maigidana a wurin aiki, ya fita sayen berni, man da ake tsoma waya a ciki ya bushe ya riƙe ta, na ga moter a buɗe a kan tebur, na ɗauki guduma da ƙarfen yanka na sare kawunan wayar tas, na share wurin, na zauna ina jira a yaba mini. Da ya dawo ya daɗe tsaye a kaina. Can ya tambaye ni yadda aka haɗa wayoyin kafin in yanke, da rami nawa kowane naɗi yake tsallakewa a cikin ramukan da waya take kwanciya. Ban sani ba. Ya tambaye ni abin da ya ƙona moter ɗin. Na ce wuta. Sai ya kwaso guntayen da na share ya zube su a gabana, ya ce in zauna in gano yadda suke tun farko, in zana masa a takarda. Kwana uku na yi a kan guntayen nan, mai injin kuwa kullum da safe tana bakin ƙofa tana tambaya ko an gama.

Patron ɗin namu sunansa Kosi, mutumin Dahome ne, Hausarsa a karye amma kowa yana gane shi. Gidansa yana jikin namu a Talaje. Babana ma'aikacin gwamnati ne, daga Damagaram aka yi masa canji zuwa Yamai ina ƴar shekara tara. Da na faɗi jarrabawar ƙarshe a lekol, makarantar boko, sai na zauna gida. A lokacin idon Kosi ya fara rauni, ba ya ganin lambobin da ke jikin palmer, wato ɗan ƙarfen da ake auna kaurin waya da shi. Yana da aparanti, wato yaran koyon aiki, maza huɗu, amma babu wanda ya iya karatu a cikinsu. Shi ya roƙi babana in riƙa zuwa ina karanta masa. Babana ya ce na ɗan lokaci ne. Shekarar farin farko ce da ruwan sama ya ƙi zuwa, wadda soja suka karɓi mulki a cikinta. Ina goge ramukan wani moter na fanka aka daina magana a rediyo aka sa kiɗan soja, Kosi ya rage muryar rediyon ya ce kowa ya ci gaba da abin da yake yi.

Abin da ya fi koya mini shi ne kallon ƙuna kafin a taɓa komai. Babban moter wayarsa kashi uku ce, mu kan ce ƙafa uku, kowace ƙafa da wayar kuran ɗinta, wato ta lantarki. In aiki ne ya yi wa moter yawa, ƙafafun uku za su yi baƙi daidai wa daida. In mai bobinaj ne ya yi sakaci, ya kankare waya ko ya yaga takardar da ake shimfiɗa wa waya a rami, za ka ga wuri ɗaya ya fashe kamar an huda shi, sauran kuma lafiya. In kuwa kuran ne ya yanke a waya ɗaya daga waje moter yana cikin juyawa, ƙafa biyu za su ƙone ƙurmus, ɗaya ta tsaya da jan launinta kamar yau aka naɗa. Bayan ka gane wannan sannan ka yi wa murfi alama, ka zana haɗi, ka ƙirga rami, ka gasa tsohon berni ya saki, ka zare naɗi ɗaya a hankali ka ƙirga zagayensa sau biyu. Sannan ka yanka takarda, ka sassaƙa katakon da za ka naɗa sabuwar waya a kai. Ba mu da injin naɗi irin wannan da kuke murzawa kuna hira. Da hannu muke juyawa, in wani ya yi maka sallama a tsakiyar ƙirga ka amsa, ka warware ka faro daga ɗaya. Tandarmu ta gasa berni tano ce, wato gangar ƙarfe, da muka jera wa ampul, ƙwan lantarki, guda shida a ciki.

Yadda muka zama mata zalla ba shiri ba ne, ko da yake har yau wasu suna cewa turawa ne suka kafa mu. Yaya Hadiza ƴar Tawa ce, mijinta direba ne ya rasu a hanya, tana sayar da fura a bakin atiliye, wato shagon aikinmu. In rana ta yi sai ta shigo inuwa, Kosi ya miƙa mata almakashi tana yanka masa takardar rami, har ta bar fura ta kama berni da ɗauri. Zalika kuwa Bazabarma ce daga Kirkisoye, can hayin gulbi, babanta mai buga bulo ne, a keke take tsallako gada kowace safiya. Ta kawo gyaran pompon babanta ne, ta ga aparanti biyu suna fama da wani ƙarfe da ya ƙi fita, ta karɓi guduma ta fitar, Kosi ya ce ta dawo gobe. Da aikin ma'adinai ya buɗe a arewa, mazan nan huɗu suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Bayan shekaru idon Kosi ya rufe gaba ɗaya, ƴaƴansa suka zo suka tafi da shi gida. Ya bar mana tebur, da palmer, da tano, da ragowar waya a wani akwatin katako. Muka kama rumfa a bayan kasuwar Wadata, mu uku.

A layin nan akwai wani atiliye mai maza bakwai, akwai masu walda, akwai masu gyaran rediyo. Ban taɓa jin an ce wa ɗayansu atiliyen maza ba, da sunan mai shi ake kiran kowane. Namu kuwa ba wanda ya san shi da suna, atiliyen mata ne kawai. Mutum zai shigo da moter a kafaɗa, ya gaishe mu da kyau, ya tambayi patron. In na ce ni ce, sai ya yi murmushi ya ce a'a, mai aikin yake nufi. Wani mai garka, wato lambu, daga bakin gulbi har ya ɗaga buhun da muka rataya a ƙofar baya ya leƙa, ya tarar da tulun ruwa da buta. Masu turin amalanke sukan tsaya a bakin rumfa su yi ta kallo kamar ana wasa. An ce akwai wani namiji da yake zuwa a ɓoye yana yi mana aikin. An ce mata uku ba za su yi wata shida a rumfa ɗaya ba sai sun yi dambe. Wani Alhaji ɗan Maraɗi mai injinan niƙa guda biyar ya fara kawo mana tsohuwar fankar tebur, bayan ta yi wata biyu tana juyawa ya kawo moter ɗaya, ya zauna a kan benci tun safe har la'asar yana kallon hannun Zalika. Daga baya duk injinansa mu muke yi, amma in zai aiko wani sai ya ce masa ya je wurin matan nan, suna ƙoƙari.

Sai fari na biyu ya zo, ita ce shekarar da nake so ku ji. Gulbi ya ja baya har mutane suna takawa da ƙafa daga Kirkisoye, Zalika ta daina bin gada, tana tura kekenta a kan rairayi. Masu garka suna ta ƙara tiyo suna bin ruwa, pompo yana zuƙar laka da yashi, moter yana ƙonewa. Aiki ya yi yawa, waya ta yi wuya. Akwai kaurin da za ka zaga Yamai kaf ba ka samu ko kilo ɗaya ba. Mutanen arewa da dabbobinsu suka ƙare suka riƙa kwararowa, gwamnati ta tara su a wani fili a bayan gari, soja ne suke kula da wurin. Ruwan filin daga wata babbar rijiyar siminti yake fitowa, pompo ɗaya ne yake tura shi cikin shato, babban tankin ruwa na sama.

Moter ɗin pompon nan aka kawo mana wata Talata da hantsi a bayan kamiyon soja. Wani ajidan ne na soja ya zo da shi, dogo, mai furfura a gefen kai. Sai da ya zaga layin duka kafin ya iso gare mu. Maza bakwai sun ce ba su da wayar. Daga baya ɗayansu ya faɗa mini suna da ita, tsoron aikin soja suka ji, don a shekarun nan in aka ce ka taɓa kayan taimakon masu fari, ba a tsayawa dogon bincike. Mu kuwa akwai daidai kaurin a akwatin da Kosi ya bari. Yaya Hadiza ta ja ni gefe ta ce kada mu karɓa. Na tambayi ajidan da me mutanen suke sha yanzu, ya ce mota ɗaya ce take kai musu ruwa, ba ta isar ko rabinsu. Muka karɓa.

Zalika ta cire murfi a gabansa. Ƙafa biyu baƙi ƙirin, ɗaya ja sumul. Na nuna masa, na ce wannan ba laifin moter ba ne, kuran yana yankewa a waya ɗaya can wurin rijiyar, in ba a duba akwatin kuran ba, ko sabo aka kawo daga Faransa haka zai ƙone. Na ce in mun gama ya bari in bi su in haɗa da kaina. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ba da wulaƙanci ba, kamar dai yadda ake duban wanda ya yi maganar da ba ta shafe shi ba.

"Madam, ku dai ku naɗa waya. Can akwai mai kuran, aikinsa ne."

Kwana huɗu muka yi a kansa, daga fitowar rana zuwa magariba. Ni nake naɗi da ƙirga, ni da Zalika muke shigar da waya cikin rami ɗaya bayan ɗaya, Yaya Hadiza tana bi da takarda da ɗauri. Sau biyu muka tsoma shi a berni muka gasa. Muka gwada shi a wurin wani mai injin katako da ke da kuran mai waya uku, ya yi awa biyu yana juyawa, ka ɗora hannu a kansa ɗumi kawai za ka ji. Da na ɗaure kusoshin murfi na ɗiga wa kowane jan fenti, kamar yadda nake yi wa kowane aiki. Ranar da suka zo ɗauka na sake maimaita wa ajidan maganar akwatin kuran. Ya ce ya ji.

Bayan kwana shida kamiyon ya dawo, wannan karon da soja huɗu da bindigogi. Muna cikin aikin wani pompon garka. Ajidan bai gaishe mu ba. Ya ce mu rufe rumfa mu hau. Yaya Hadiza ta tambaya ko lafiya, ya ce a can za mu ji. Layin gaba ɗaya ya fito, masu walda sun kashe wuta, ƴan kasuwa sun baro rumfunansu. Ina taka tayar kamiyon zan hau na ji wani a bayana yana cewa dama ƙarshenta kenan, an ɗauki ran mutane an damƙa a hannun mata. Na waiga. Mutumin da muka gyara wa injin ɗinki sau biyu ne.

Aka kai mu wani biro, wato ofis, aka zaunar da mu a kan benci a baranda tun hantsi har bayan azahar, ba wanda ya yi mana magana. Sannan aka shigar da mu gaban wani kapiten, saurayi ne, ba zai wuce ni a shekaru ba. Moter ɗinmu yana ƙasa a tsakiyar ɗakin, ƙaurin ƙuna ya cika wurin. Kapiten ya ce kwana biyu kenan babu ruwa a shato, yara sun fara zawo, kuma ana zargin mun sa siririyar waya mun ɓoye mai kyau. Ya ɗauki takardar rahoton da aka aiko masa ya karanta da Faransanci. Na yi lekol, na ji kowace kalma. An rubuta ranar da ya ƙone, da ƙarfe nawa. A wurin da ake rubuta dalili kuwa layi ɗaya ne: atiliyen mata ne ya yi aikin.

Na jira ya karanta sauran, sai na ga ya ajiye takardar. Babu saura. Na dubi moter ɗin. Jan fentina yana nan a kan kowace kusa, ba a fasa ko ɗaya ba. Wato ba a buɗe shi ba. Mai kuran ya sa hannu a takardar, ajidan ya sa, wani injiniya na sarbis, ma'aikatar da ke kula da rijiyar, ya sa a ƙasa da hatimi, an turo kamiyo da bindiga huɗu an kwaso mu a gaban kasuwa, kuma a cikin mutanen nan duka babu wanda ya ga akwai buƙatar ya kwance kusa shida ya leƙa. Zalika ta taɓa gwiwata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya duba wayar ya ga siririya ce?"

Ya dubi ajidan, ajidan ya dubi takarda. Na roƙa a ba mu spana a buɗe a gabansa, in an tarar da waya ɗaya da ba ta kai kaurin ta farko ba, ya yi mana duk abin da ya ga dama. Ya sa aka kawo akwatin kayan direba. Zalika ta durƙusa ta kwance, ta zare cikin moter ɗin ita kaɗai, wani soja ya matso zai taimaka ta ce masa da Zabarmanci ya ja baya kada ya ɓata kakinsa. Ƙafa biyu baƙi, ɗaya ja, bernin Yaya Hadiza yana ta ƙyalli a kanta.

Na yi wa kapiten bayani yadda zai gane. Na ce ya ɗauka mutum uku ne suke ɗauke da tano cike da ruwa, ɗaya ya saki, biyun ba su ajiye ba, su ne za su karye, wanda ya saki kuwa ko gumi ba zai yi ba. Na ce irin wannan ƙunar muka tarar da farko, kuma na faɗa wa ajidan sau biyu. Ajidan bai musa ba, wannan kam zan faɗa masa ita. Ya ce lallai Madam ta yi wata magana a kan akwati, shi dai ya ɗauka irin maganar nan ce ta kare kai. Kapiten ya ɗauki hularsa ya ce mu tafi rijiyar yanzu.

Ni a Yamai nake zaune, ina jin labarin filin nan kullum, amma ban taɓa zuwa ba sai ranar. Tun daga nesa muka fara ganin layin kayan ɗiba: tulu, bokiti, salka, gwangwanin madara, har da ƙoƙon cin abinci, an jera su a ƙasa sun yi kwana sun ɓace a bayan rumfunan tabarma. Masu su suna zaune a rana a gefensu. A gindin shato inda ruwa ya saba ɗiga akwai ƴar laka, mata sun tona rami suna tace abin da ya taru da gefen zane. Na ga wata tana matsa jiƙaƙƙen tsumma a bakin jaririnta. Yaya Hadiza ta kama hannuna ta riƙe. Da muka sauko, wata tsohuwa ta dogara sanda ta zo har gabanmu, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce da Hausar arewa ko mu ne matan da suka ɓata musu pompo. Labarin ya riga mu zuwa. Ta ce ita ta yi mamaki da ta ji, ta ce garin nan duk babu maza ne. Ba da faɗa ta faɗa ba.

Akwatin kuran yana jikin ɗan ɗakin pompo, da kwaɗo a kulle. Aka kira mai kuran ɗin, sunansa Mamman, mutumin Tawa, magidanci ne mai kimanin shekara arba'in, idonsa ja don rashin barci. Ya buɗe. Ba sai na nuna wa kowa komai ba. Waya ɗaya daga cikin ukun kusarta ta saki, wurin ya yi baƙi, robar ta narke. A gefe kuma akwai abin kariyar da yake yanke kuran in moter ya yi zafi, an cusa masa guntun icen ƙirya an danne shi don kada ya ƙara yankewa.

Mamman bai yi gardama ba. Ya ce tun kafin ƙunar farko abin yake yankewa, a rana sai ya yanke sau goma, duk lokacin da ya yanke mutane su taso masa, mata suna ɗaga masa yara yana gani. Ya nemi a aiko masa da wanda zai duba, ba a aiko ba. Shi jan waya ya iya da sa ampul, ba a taɓa koya masa moter ba. Sai ya sa icen. Da sabon ya zo ya ci gaba da yankewa, ya mayar da icen. Kapiten ya tambaye shi me ya sa ya rubuta abin da ya rubuta. Ya ce ba shi ya fara faɗa ba. Da moter ya ƙone, injiniya ya tambayi inda aka yi gyaran, da aka faɗa masa ya ce to ai shi ke nan, ga dalili, shi kuma ya ga kowa ya yarda, ya yi shiru.

Kapiten ya ce, "Mamman, ka yi wauta." Ya sa aka yaga takardar aka rubuta wata, da sunan Mamman da na babansa. Ina tsaye ina ji. Mutum ɗaya ne ya yi wauta, da sunansa. A cikin maza ukun da suka sa hannu, da wanda bai aiko da mai dubawa ba, ban ji an ce maza sun ɓata pompo ba. Mu kuma ba wanda ya ce mana ku yi haƙuri. Abin da kapiten ya tambaye ni shi ne kwana nawa zan yi in sake naɗa shi. Na ce waya ta ƙare. Kafin magariba aka sauke mana naɗin waya biyu sababbi a bakin rumfa, daga wani sito da ban san da shi ba.

Kwana uku muka yi a karo na biyu, don zanen yana nan kuma katakon naɗi yana nan. Wannan karon ba wanda ya hana ni hawa kamiyo. Na yanke ƙonannen bakin wayar na sa sabon ƙarfe, na ɗaure ukun da kaina, na cire icen na daidaita abin kariya, Zalika ta sauka da igiya ta ɗaga bakin tiyo daga yashin da yake zuƙa. Da na tayar da shi na ɗora tafin hannu a kansa na tsaya har ruwa ya fara bugun cikin shato. Layin nan ya miƙe tsaye gaba ɗaya. Moter ɗin ya yi aiki har aka watse daga filin bayan damina.

Yaya Hadiza ba ta ga ƙarshen wannan ba. Labari ya kai Tawa cewa soja sun kama ta a kan satar kayan masu fari, labarin wanke mu kuwa bai kai ba. Wanta ya zo da kansa ya ce ta tattara kayanta, ƴaƴanta mata sun isa aure, ba zai bari a riƙa nuna su da uwar da aka ɗora a kamiyo ba. Ta wanke burushinta na berni ta ajiye shi a kan tano, ta nuna mini yadda take gane berni ya gasu da farce, ta tafi. Ba ta ƙara taɓa moter ba har ta rasu.

Muka rage mu biyu, ga pompon masu garka sun taru har bakin ƙofa. Bayan kamar wata ɗaya, wata safiya na ɗago kai na ga Mamman tsaye a bakin rumfa, hularsa a hannu. An sallame shi daga aiki. Ya ce bai zo neman gafara ba don ya san abin ya wuce haka, ya zo ne in koya masa abin da ya ƙona sau biyu bai sani ba, ko shara ce zai yi. Zalika ta ce in ya shigo ita za ta fita. Na ce ta duba tarin aikin da ke ƙofa, ta duba hannuwanmu huɗu. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, a na uku ta jefa masa burushin ƙarfe ta nuna masa ramukan da zai goge.

Ban san abin da na jawo ba sai bayan sati biyu. Mutum zai shigo, ya wuce ni a kan tebur da palmer a hannuna, ya wuce Zalika, ya je can ƙurya inda Mamman yake tsugune yana kankare tsohon berni, ya ba shi hannu ya fara yi masa bayanin ciwon moter. Mamman ya nuna ni ya ce ga Patron can. Mutumin ya yi dariya ya ce Malam akwai ban dariya. Masu amalanke suka daina tsayawa kallo. Mutanen da shekara da shekaru suke wuce mu suna kai aiki wurin maza bakwai suka fara shigowa. Kafin wata uku, in baƙo ya tambayi mai bobinaj a Wadata, sai a ce masa ya miƙe ya karya hagu, atiliyen Mamman. A lokacin ko naɗi ɗaya ban yarda ya yi shi kaɗai ba, ƙirgarsa tana ɓacewa a talatin da wani abu.

Da ruwa ya dawo gulbi aka yi noman rani, wani tsoho mai garka a Kirkisoye, maƙwabcin su Zalika, wanda ya san ta tun tana goye, ya zo da kwandon tumatir da salati a kan keke. Pomponsa Zalika ce ta yi shi daga farko har ƙarshe, ranar ma Mamman yana gida da zazzaɓi. Tsohon ya gaishe mu, ya wuce ya dire kwandon a gaban Mamman. Ya ce pompo bai taɓa yin ƙarfi irin na bana ba, tun da ya zo aikin wurin nan ya canza, Allah Ya yi masa albarka da yake riƙe da matan nan.

Mamman ya miƙe da burushi a hannu. Ya ce, "Baba, ni ne na ƙona moter ɗin filin ƴan fari. Aparanti ne ni a nan. Pomponka ga wadda ta yi shi."

Tsohon ya dubi Zalika, ya dube ni, ya sake duban Mamman. Ya ce masa ya ji daɗin wannan hali, babba na gari haka yake, ba ya cin yabo shi kaɗai. Ya dafa kafaɗarsa, ya hau kekensa ya tafi.

Mamman ya ɗauki kwandon ya kawo ya ajiye a gefen Zalika, ya koma ƙuryarsa. Tana tsakiyar naɗi, leɓenta yana motsi. Ba ta ɗago ba sai da ta kai sittin da huɗu ta ɗaure bakin wayar. Sannan ta ɗauki tumatir ɗaya ta goge a zanenta ta ci, ta ce masa ramukan da ya goge jiya akwai saura, ya sake goge su.